Ƙwaron Da Ya Rufe Wa Zoɓon Arewa Ƙofar Meziko

A cikin wata tara kacal na shekarar 2017, kwantena 1,983 na busasshen zoɓo suka bar Najeriya zuwa ƙasar Meziko. Hukumar NAQS, wadda ke duba lafiyar kayan gona masu shiga da fita ƙasar nan, ta ce kuɗinsu ya kai dala miliyan 35. Shekara na zagayowa ƙofar ta rufe, ko buhu ɗaya ba a karɓa. Abin da ya jawo haka wani ƙwaro ne da bai fi ƙwayar gero girma ba, wanda jami'an Meziko suka tarar a cikin wasu daga cikin kayan. Sai da aka shafe kusan shekara uku kafin cinikin ya dawo.

Na zaɓi in bi wannan lamari daki-daki ne saboda duk lokacin da aka ba da labarinsa, daga tashar jirgin ruwa ake farawa, a ofishin gwamnati ake ƙarewa. Matar da ta ɓare zoɓon da hannunta ba ta shiga labarin, alhali ita ta fi kowa jin jiki.

Mene ne ake sayarwa?

Mu fara da shukar kanta. Yakuwa ce, wadda a wasu sassan ƙasar Hausa ake kira sure, masana kuma suna ce mata Hibiscus sabdariffa. Danginsu ɗaya da rama da kuɓewa da auduga, duk wanda ya dubi furensu zai ga kamar. Furen yakuwa fari ne mai ratsin ruwan ɗorawa, da jan tabo a tsakiya, kuma kwanansa ɗaya: ya buɗe da safe, kafin yamma ya yanƙwane. Abin da muke kira zoɓo ko soɓorodo shi ne ƙoƙon da ke tallafe da furen. Bayan furen ya faɗi sai ƙoƙon ya kumbura, ya yi kauri, ya yi jawur, ya lulluɓe ƙwallon da iri ke ciki. Shi ake ɓarewa a shanya.

A wasu ƙasashe dangin wannan fure sarauta aka ba su. Malesiya ta ɗauki wani jan nau'insa a matsayin furen ƙasa tun 1960, Koriya ta Kudu tana da nata da take ambata har a taken ƙasa. Mu namu bai samu wannan alfarma ba, amma ya samu wadda ta fi ta amfani, wato tukunya. Ganyen yakuwa na shiga miya da fate, ana kashe masa tsami da ɗan kanwa. Farin zoɓo ma na miya ne. Irin, wato gurguzu, da shi ake daddawar batso, wadda har yau ba ta rasa masu nema a karkarar Arewa da Nijar. Jan kuwa kowa ya san aikinsa: a dafa da citta da kanumfari, wasu su ƙara ɓawon abarba, a tace, a zuba sukari, a sa ƙanƙara. Ba a buɗa-baki a gidaje da yawa sai da shi, kuma da wuya a yi biki ko suna ba a raba shi ba. Ƙullin zoɓo a leda ya sayi littattafan makarantar yara da yawa, ya riƙe zawarawa da marayun da ba a ƙirga ba.

A gona kuwa, yakuwa ba ta taɓa zama uwargida ba. A bakin iyaka ake shuka ta don ta raba gonar wane da ta wane, ko a tsarma ta tsakanin gero da dawa da gyaɗa. Tana jure ƙarancin ruwa, tana yi a ƙasar jigawa inda wasu amfanin ke wahala, ba ta cin taki da yawa. A gidaje da dama rabon mata ce: maigida ya kwashe hatsinsa, uwargida ta tsinke zoɓonta, abin da ta samu nata ne. Wannan matsayi nata na 'yar rakiya shi ne ya fara sauyawa da dala ta shigo cikin maganar.

Mai saye daga nesa

Abin da ke ba mutane da yawa mamaki shi ne jin cewa Meziko na shan zoɓo kamar mu, ko ma fiye. Can suna kiransa jamaica, ana furta shi hamaika, kuma ruwansa na cikin abubuwan sha na yau da kullum a gidajen abinci da bakin titi, cikin manyan tulunan gilashi. Shukar ta isa nahiyar Amurka ne a zamanin da jiragen Turawa ke jigilar bayi da kaya daga Afirka, shi ya sa har yau a tsibiran Karibiyan jan ruwan nan ne abin shan Kirsimeti. A Senegal bisap ne, a Ghana sobolo, a Sudan da Masar karkade. Abu ɗaya ne ya bi mutane ya bazu.

Meziko na noma nata, musamman a jihar Gerero, amma abin da take nomawa ba ya isar ta. Sai ta riƙa cikowa daga waje, kuma zoɓon Najeriya ya samu karɓuwa saboda duhun launinsa da ƙarfin tsaminsa da arahar sa. Kafin a ankara, kusan kashi 85 cikin 100 na zoɓon da Najeriya ke fitarwa Meziko yake tafiya. Jamus da wasu ƙasashen Turai na saye don shayin ganye, amma ba su kama ƙafarta ba.

Jigawa ce kan gaba a noman, sai Kano da Katsina da Bauchi da Yobe da sauransu. A yankin Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar da Babura, manoman da a da layi biyu suke yi a gefen gona suka koma ware mata gona sukutum. Ba laifinsu ba ne. Wanda ya ga amfanin da ba ya neman taki sosai, kuma mai saye na jiransa da kuɗi a hannu, dole ya faɗaɗa.

Tafiyar buhu

Don a gane inda ɓarakar ta shiga, sai an bi buhun zoɓo tun daga tushe. Ana shuka da faɗuwar damina. Yakuwa ba ta fure sai rana ta fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, girbi kuma ya kama daga Nuwamba har cikin hunturu. Daga nan aikin hannu ne zalla. Kowane ƙoƙo sai an raba shi da ƙwallonsa ɗaya bayan ɗaya, ƙwallon kuma na da wani gashi mai ƙaiƙayi da ke cin yatsu. Mata da yara ke wannan aiki, su yini a kai. Sannan a shanya, kuma a nan abin ke karya zuciya, domin wajen kilo goma na ɗanye ne ke komawa kilo ɗaya idan ya bushe.

Daga gida sai kasuwar ƙauye, inda 'yan sari ke auna shi da mudu ko tiya. Daga nan sai manyan kasuwanni kamar ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, inda zoɓon ƙasar Damagaram ma ke shigowa ya gauraya da namu. Daga can tirela ta kwasa zuwa Kano, musamman Dawanau, inda manyan sito-sito suke. A sito ne mata ke zama layi-layi suna tsince tsakuwa da kara da gurguzu da zaren buhu, a ware na ɗaya da na biyu, a danna a sabon buhu, a loda a kwantena sai Legas, sai makonni a kan teku.

Zoɓo ba shi da nauyi, sai cika wuri. Babban kwantena mai ƙafa 40 kimanin tan 12 yake ɗauka. In aka raba dala miliyan 35 ɗin nan ga kwantena 1,983, kowanne ya tashi a kan dala 17,600 da 'yan kai, wato kilo ɗaya bai kai dala ɗaya da rabi ba. A cikin wannan ne mai fitarwa zai ci, mai sito ya ci, mai tirela da dillali da ɗan sari su ci, kafin a zo kan wadda yatsunta suka yi ja. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A wannan doguwar tafiya buhun zoɓo na kwana a wurare da yawa, kuma kusan ko'ina maƙwabtansa buhunan gyaɗa ne da riɗi da dawa da wake. Sau da yawa ma buhun da aka zuba shi a ƙauye tsoho ne da ya taɓa ɗaukar hatsi.

Ƙwaron

Sunansa kafra, masana na ce masa Trogoderma granarium, asalinsa daga yankin Indiya. Ba ƙwaron gona ba ne, ba ya kama yakuwa tana tsaye. Ƙwaron ma'aji ne: rumbu, sito, tsagar bango, ɗinkin buhu, ƙasan katakon mota. Babbansa bai wuce milimita 3 ba, ba ya tashi sama, kwanakinsa kaɗan ne. Tsutsar ce mai ɓarna, wata 'yar mitsitsiya mai gashi, ruwan ƙasa-ƙasa, da ke cin busasshen hatsi ta bar shi gari da saɓa.

Abin da ya sa duniya ke tsoronsa shi ne taurin ransa. Yana son zafi da bushewa, wato irin yanayinmu sak. Yana iya rayuwa a kan abincin da ya bushe ƙayau har sauran ƙwari sun gaza. Idan abinci ya yanke, tsutsar sai ta lafe a wata tsaga ta daina motsi, ta yi shekaru a haka, ranar da aka kawo sabon kaya ta farka. A wannan hali na lafewa magani ma ba ya saurin kama ta. An sa shi cikin jerin baƙin halittu 100 mafi muni da ke mamaye ƙasashe. Amurka ta gan shi a Kalifoniya a 1953, sai da ta yi shekara 13 tana yaƙi da shi, da kuɗi miliyoyin daloli, kafin ta kawar da shi a 1966.

Saboda haka ban ga laifin Meziko ba. Ƙasa ce da masara ke matsayin tuwo a wurinmu, rayuwarta na cikin rumbunanta, kuma ba ta da wannan ƙwaro. Hukumarta ta kula da lafiyar amfanin gona, SENASICA, ba ta ƙirga yawan tsutsar da aka gani. Ɗaya ma ta isa a mayar da kwantena, in abin ya yi ta maimaituwa a rufe hanyar baki ɗaya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kano ta san wannan ƙwaro tun kafin a haifi yawancin masu cinikin zoɓo na yau. Shi ne ya addabi dalar gyaɗa a ƙarshen shekarun 1940 da cikin na 1950, lokacin da buhuna ke jibge wata da watanni suna jiran jirgin ƙasa. A wancan zamani ake lulluɓe dala da tamfol a turara ta da iskar magani. Matsalar ƙwarin ajiya irin wannan ce ta sa aka kafa sashen binciken adana amfanin gona a 1948, wanda ya zama cibiyar NSPRI ta yau, mai reshe a Kano. Ilimin yana nan a gida, a rubuce. Gyaɗa ta tafi, zoɓo ya gaji sito-sitonta da hanyoyinta, ya gaji ƙwaronta, amma bai gaji tsarin da aka yi mata ba.

Shekarun rufewa

Da ƙofar ta rufe a 2018, mai fitar da kaya ya yi asara, wannan gaskiya ne: akwai kayan da ke kan teku, akwai bashin banki. Amma shi yana da wurin juyawa. Sitonsa na nan, gobe sai ya koma riɗi ko citta ko ƙaro. Ɗan sari ma haka. Manomin da ya riga ya ware rabin gonarsa ga yakuwa kuwa sai da ya girbe ya tarar masu saye sun janye, farashi ya faɗi. Zoɓo ba hatsi ba ne da za a ce a ci a gida in kasuwa ta ƙi, gida nawa zai sha buhu ashirin? Ajiya kuma ba ta yi masa daɗi, domin launinsa na dusashewa, jan ya koma baƙi-baƙi, daraja ta ragu. Matan da ke tsinta a sito, waɗanda kuɗin yini ne abincinsu, aikinsu ya ragu ba tare da kowa ya yi musu bayani ba.

Kasuwar cikin gida da ta Turai sun ɗauki wani abu, amma ba yadda za a yi su shanye abin da mai sayen kashi 85 ya bari. Sai kuma wasu matsalolin suka hau kai. A Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, abin da ya taɓa Maigatari kai tsaye, ba a buɗe ta ba sai Disambar 2020. A tsakiyar wannan annobar korona ta zo da nata kullen.

Akwai wani haɗari da ya kamata a ambata a nan. Idan aka ce wa ɗan kasuwa ƙwari ne matsala, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ya ƙara magani. Mun ga inda hakan ya kai mu da wake: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin fiya-fiya da aka samu a jikinsa. Zoɓo kuwa jiƙa shi ake yi a sha ruwan. Duk abin da aka fesa masa a sito, cikin kofin mutum zai ƙare, ko a Meziko ko a unguwar Kurna ta Kano. Maganin ƙwaro ta wannan hanya ya fi ƙwaron muni.

Yadda aka buɗe

NAQS, ƙarƙashin Dakta Vincent Isegbe, ta shiga doguwar tattaunawa da SENASICA, tare da ƙungiyar masu fitar da zoɓo da ofishin jakadancin Najeriya a Meziko. A 2021 aka sanar da dawowar cinikin, a 2022 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu kan tsarin aikin da za a riƙa bi.

Ƙashin bayan tsarin shi ne turara kaya da iskar methyl bromide a cikin ɗakuna na musamman da iska ba ta fita, waɗanda aka duba aka amince da su, kafin hukuma ta ba da takardar shaidar lafiyar kayan. Wannan iska guba ce mai ratsa buhu ta kashe ƙwaro da tsutsa da ƙwai. Tana kuma lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, shi ya sa yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta suka kai ga hana amfani da ita, sai dai an bar ƙofa ga irin wannan aiki na tsare iyaka daga ƙwari. An gina irin waɗannan ɗakuna a Kano, daga baya aka kai har Maigatari. Kwantenoni suka ci gaba da tafiya, farashi ya farfaɗo, manoman Jigawa suka koma wa yakuwa.

Wannan nasara ce, kuma waɗanda suka yi aikin sun cancanci yabo. Ba ƙaramin abu ba ne ƙasar da ta kama ka da ƙwaron da ta fi tsoro ta sake yarda da takardarka.

Abin da ya rage

Sai dai gyaran a bakin ƙofar fita aka yi shi. Ɗakin turara kaya na kashe abin da ya iso gare shi, ba ya hana shi shiga buhu tun daga ƙauye. Tsohon buhun hatsi na nan ana zuba zoɓo a ciki. Ana nan ana shanya a ƙasa, inda yashi da kashin awaki ke shiga. Sito da yawa ba a share su a toshe tsagoginsu tsakanin kaya da kaya. Ranar da aka yi sakaci a ɗaki ɗaya, ko wani ya nemi gajeriyar hanya don gudun kuɗin turarawa, duk ƙasar za ta sake biya, domin Meziko ba ta san sunan ɗan kasuwa ba, sunan Najeriya ta sani.

Sannan ɗakin nan jari ne mai nauyi. Duk inda aka ce kaya ba sa fita sai ta ƙofa ƙwaya biyu ko uku, masu riƙe da ƙofar su ke da bakin magana a kan farashi, kuɗin turarawa kuma a ƙarshe daga aljihun na ƙasa ake cire shi. A ganina hukuma na da aiki a nan: ta tabbatar ɗakunan sun yawaita, kuɗinsu a bayyane yake, ƙaramin ɗan kasuwa ma na iya kai kayansa.

Dogaro da mai saye ɗaya ma bai sauya ba sosai. Kuma har yanzu ɗanyen kaya muke turawa, wasu su niƙa su ƙulla a 'yan jakunkunan shayi, su tatsi launinsa don kayan abinci, su sayar da ninkin abin da suka biya. Kasuwarsa kuwa ƙara buɗewa take. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010, ya gwada mutum 65 masu matsakaicin hawan jini, ya ga waɗanda suka sha kofi uku kullum na mako shida jininsu ya sauka fiye da na waɗanda ba su sha ba. Irin wannan labari ne ke sa masu shayin ganye a Turai da Amurka neman zoɓo, kuma su sharaɗinsu a kan tsabta da ragowar magani ya fi na Meziko tsauri.

Abin da za a yi a matakin ƙauye ba shi da tsada in an kwatanta da dala miliyan 35. Sabon buhu na zoɓo shi kaɗai, wanda mai saye zai raba tun kafin girbi. Tamfol ko gadon shanya da ya ɗaga daga ƙasa. Ma'ajin da ba a haɗa shi da hatsi. Malamin gona da zai zauna da mata, ba maza kawai ba, ya nuna musu tsutsar nan a tafin hannu su san kamanninta, tunda su ne ke taɓa kowane ƙoƙo kafin kowa. Sai kuma bambancin farashi na gaskiya tsakanin zoɓo mai tsabta da mai datti, a wurin awo, a gaban mai kaya. Muddin ɗan sari zai biya tiya mai yashi daidai da tiyar da aka shanya a kan tamfol, babu matar da za ta sayi tamfol da kuɗin cefanenta.